Gero a Dunƙulallen Hannu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Janairu

Aminina Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya ruwan Fatakwal? Ka yi haƙuri da karkataccen rubutun nan, da hagu nake yi. Waya kuwa ba na so, bakina har yanzu yana ja.

Ka dai ji hawan jini ya kayar da ni a bakin shago, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, ina takawa da sanda. Hannun ne ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Hannun da ya ƙera rabin ƙofofin ƙarfen Tarauni, Ƙasimu! Ka san daga aji uku na bar sakandare, ko guduma ba wanda ya saya min.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Wata huɗu ke nan ban ci abinci a gaban mutum ba. Shekara ashirin da biyar, kullum azahar ni da ma'aikatana kwano ɗaya muke sa hannu. Yanzu hagu zan tsoma a abincin mutane, ko a baki za a ba ni? Sai in rufe ɗaki in ci. Shagon ma na daina leƙawa.

'Yarka Sadiya kuma ta tasa ni gaba. Ka tuna faɗan da na yi da ta ƙi likitanci, ta zaɓi aikin koya wa marasa lafiya ɓalla maɓalli da riƙe cokali. Raino na kira shi. To yanzu cewa take in bi ta Darmanawa, bargar wani Malam Inuwa, in shafa doki. Ni da girmana! Ta ce in je sau uku, in ban ga komai ba ta ƙyale ni. Na yarda don in huta da ita.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Ɗanladi Mai Ƙofa

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
2 ga Maris

Ƙasimu,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Zuwa uku ya zama goma sha huɗu, kuma ni ke tashinta mu tafi.

Dokin baƙi ne, tsoho, a filin wasan folo ya gama ƙuruciyarsa. Ranar farko na daka masa tsawa irin wadda nake yi a shago. Ya dube ni, ya juya min baya. Malam Inuwa ya yi ta dariya, wai Alhaji ka yi a hankali, wannan ba ka taɓa ƙera masa ƙofa ba.

Sadiya ta ɗaura min buroshi a hannun da maɗauri, ta sa ina goge masa wuya. Mako biyar muna haka, a gida kuma tana miƙar da yatsun safe da yamma. Shekaranjiya sai ta ɗura min gero ta gefen babban yatsa, ta riƙe min hannun hagu a baya, ta ce Baba ba shi. Doki ba ya ci sai a buɗaɗɗen tafi. Na ce zai cije ni, ta ce jira dai.

Ya sunkuyo. Ƙasimu, dabbar da za ta iya tauna yatsun nan kamar rake, sai ta ɗora hanci a kan dunƙulen hannuna tana huci mai ɗumi. Yana ɗan turawa da leɓe, ya dakata, ya sake turawa. Bai gaji ba, bai yi fushi ba. Ban san daɗewar da muka yi ba. Ina kallo da idona yatsu biyu suka saki, na uku ya bi su, gero ya bayyana. Ya lashe shi tas.

Sai na yi kabbara, Allahu Akbar. Na ce ƙura ce ta shiga idona, Malam Inuwa ya ce ai bargar tasa akwai ƙura sosai.

A hanya Sadiya ta ce ba sihiri ba ne. Hannu ya fi motsi in yana da abin da zai yi wa wani. Ashe tsayin kujerar da nake zama, da gefen da take tsayar da dokin, da yawan geron ma, duk aunawa take. Ni na san awo, sana'ata ce. Ban taɓa ganin awo irin na yarinyar nan ba.

Naka,
Ɗanladi

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
20 ga Afrilu

Aminina,

Gaisuwa da fatan kun yi sallah lafiya.

Jiya na je shago da azahar. Sadiya ce ta tsara komai. Ta ce kada a yi shinkafa, warwatsewa take, a yi tuwo mai ɗan tauri da miyar kuka. Ta kawo ni bakin titi ta juya, wai nan ba wurinta ba ne.

Aka ajiye kwano, mu bakwai. Na yi bismilla na miƙa dama. Yatsu biyu har yanzu barci suke. Lomar farko a kan rigata ta faɗi. Kowa ya sunkuyar da kai. Wallahi saura kaɗan in tashi. Sai na sake miƙawa, a hankali. Ta biyu ta shiga baki.

Kan in kai ta uku, Ashiru, tsohon mai waldana, ya zura hannu ya ɗauke naman da ke gabana. Wai Oga ka yi sauri, ciwo bai sa an canza doka ba. Nan aka fashe da dariya. Na zage shi son raina, na ci loma tara.

Na koma gida da miya a riga. Sadiya ta dubi rigar, ta dube ni. Na ce mata gobe shinkafa za a yi.

In za ka zo Kano, kada ka ci komai a hanya.

Naka har kullum,
Ɗanladi Mai Ƙofa