Bindigar Yanyawa

Mu'aither, Doha
3 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Ruƙayya, a Ningi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki yi haƙuri, Yaya, da zan ɗaga miki hankali da wannan takarda. Kwana huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da 'yarki Fausatu da yaranta. Da ajami na rubuta, na ɗauki hoto na turo ta wayar Fausatu, don maganar ba ta saƙon murya ba ce da za a kunna a tsakar gida kowa ya ji.

Kin san ni ina gidan kafil, wato Balaraben da ya ɗauke mu aiki, ina jinyar mahaifiyarsa, maigidana ƙanenki kuma yana gonarsa ta bayan gari yana kiwon tumaki da kaji. Bana yanyawa sun addabe su. Ta ƙarƙashin waya suke haƙowa, sun kwashe kaji, har da ɗan rago mai kwana biyu. Kafil yana da lasisin ƙaramar bindiga, amma ba ta cin nesa, su kuma sun waye, ba sa matsowa. To ya shigar da takarda a faɗaɗa masa lasisin ya haɗa da babbar bindiga, kuma yana so a sa sunan ƙanenki a matsayin mai riƙe ta a cikin gona. Ni ban san dokarsu ba, yadda aka faɗa mini nake faɗa miki.

Bakin ƙanenki ne ya jawo. Wata rana ya ga kafil ya laɓe a inda iska ke kai warinsa ramin yanyawar, ya ce masa ya koma ɗaya gefen. Kafil ya dube shi ya ce, "Ashe maharbi ne kai, shekara tara kana ɓoye mini?" Shi kafil ya manyanta, hannunsa rawa yake. Ya ce in ƙanenki ba zai riƙe ba, zai kawo wanda zai haɗa kiwo da harbi. In ƙanenki ya tafi, ni ma tafiya zan yi, kuma a shekarunmu babu mai sake ɗaukar mu a nan.

Yaya, kin san rantsuwar da ya yi a gabanki ranar ukun mijinki, Allah ya jiƙansa, hannunsa a kan Alƙur'anin mahaifinku, cewa shi da bindiga har abada. Shekara goma sha tara bai karya ba. Na san akwai kaffara, tun muna makarantar allo muka karanta. Amma a gabanki aka yi rantsuwar, dominki aka yi, kuma zuciyata ta ƙi yarda cewa ciyar da mutum goma zai share haƙƙinki. Shi ya sa nake roƙon ki warware masa. In kin ce a'a, ba za ki ji ƙorafi daga bakina ba.

Na bar ki lafiya. Taki,
Haulat

*

Ningi
9 ga Rajab

Haulat,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ɓoyon da kika yi na banza ne, idona ya daina ganin ƙananan baƙaƙe, Fausatu ce ta karanta mini, ita ce kuma ke rubuta wannan.

Yanyawa kuma? Kun tsallake teku kun je ƙasar Larabawa, ashe can ma kazar mutum ba ta tsira ba.

Ni ban sa Haladu ya rantse ba. Shi ya ɗauko Alƙur'anin da kansa, ni ranar ko gabana ba na gani. Kuma hannunsa ya karye ne da ya sa ki rubutu?

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Duk abin da na sani game da rasuwar Baban Fausatu, a bakin mutane na tsinta. Wannan ya ce tsautsayi, wancan ya ce kuskure. Mutum ɗaya ne yake wurin, kuma bai taɓa zama ya gaya mini ba. In ya zo hutu sai ya tsaya a zaure ya aiko da atamfa da dabino, ya gaishe ni ido a ƙasa, kafin in ɗebo ruwa ya tafi. Ni atamfa na rasa?

Ranar da faɗa muka rabu da marigayi. Na hana shi fita farautar, na faɗa masa magana mai zafi. Duk da haka na dama masa fura na zuba a gora, ya fice ya bar ta a bakin ƙofa. Mutumin da bai taɓa ƙin abincina ba. Da fushina ya tafi lahira, da wannan nake kwana nake tashi.

Ina so Haladu ya gaya mini yadda aka yi, daga farko har ƙarshe. Sannan a yi maganar bindiga.

A gaida tsohuwar da kike jinya.
Ruƙayya

*

Mu'aither
17 ga Rajab

Yaya Ruƙayya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Da farko zan amsa laifina: bai san na rubuto miki ba. Da na karanta masa amsarki a waya, kashewa ya yi, kwana uku bai neme ni ba.

Ranar Juma'a ya shigo gari, bayan la'asar ya ce mu je bakin teku, Corniche. Muka zauna kusa da wasu jiragen ruwa na katako, mutane suna ta wucewa da yaransu. Ya ce hannunsa ba zai iya rubutawa ba, in rubuta yadda ya faɗa. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya ce: "Mun raba daji, Yaya Mas'udu gabas da rafi, ni yamma. Shi ya ɗaura kan burtu."

Ni da ban tashi gidan maharba ba sai da ya yi mini bayani, cewa kan tsuntsu ne na itace da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya yi rarrafe cikin ciyawa, dabba ta ɗauka burtu ne ke kiwo.

Ya ce: "Na hango gada. Ashe shi ma ita ya biyo, har ya ƙetare rafin bai sani ba. Na ga kan burtu yana kaɗawa a bayanta, na ce a raina tsuntsu ne, na harba. Ni na sassaƙa masa kan nan da hannuna, Haulat, kuma ban gane shi ba."

Ya ce mijinki bai cika nan take ba. Ya goya shi sun yi tafiya mai nisa. A bayansa har tsokanarsa ya yi, ya ce, "Kai dai Haladu ba ka taɓa samun abin da ka auna ba." Da suka kusa hanya ya ce a sauke shi. Ya yi shahada sau biyu. Tsakanin biyun ya ce, "Ka ce wa yayarka ba fushi na yi ba. Mantawa na yi da gorar, sai da ƙishi ya kama ni na tuna."

Yaya, na tambaye shi me ya sa ya riƙe wannan. Ya ce duk ranar da ya buɗe baki, sai ya ga bakin wanda ya harbe shi ne zai isar da saƙon. Da shekara ta zagayo, kunyar jinkirin ta fi ta farko. Ban ba shi uzuri ba. Na gaya masa amana ce ya danne, ya ce ya sani.

Allah ya sanyaya miki.
Haulat

*

Ningi
25 ga Rajab

Haulat,

Na ji. Sau uku na sa Fausatu ta maimaita.

Harbin na yafe tun kafin a yi arba'in, da ya tambaya da ya sani. Rantsuwa kuma na warware masa, ya yi kaffararsa ya riƙe aikinsa. Ba na so ku rasa abinci ta dalilina.

Amma shekara goma sha tara da ya bar ni ina zargin mamaci, wannan ban yafe ba tukuna. Kada ki roƙe ni. Ki gaya masa yadda na faɗa.

Ruƙayya

*

Mu'aither
12 ga Sha'aban

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Na gaya masa yadda kika faɗa.

Lasisin ya fito. Na dafa shinkafa da miya, ya kai wa leburori goma da ke aikin gini a layinmu, ya tsaya har suka cinye. Sannan ya sa hannu a takarda.

Shekaranjiya da sassafe yanyawa ta fito daga gonar ciyawar tumaki. Kafil yana gefen ƙanenki yana raɗa masa, "Yalla, yalla," wato maza-maza. Ƙanenki ya ɗaga bindigar, ya daɗe, sai ya sauke ya miƙa masa. Ya ce harsashin wannan ba ya tsayawa inda aka aike shi, kuma shi bai ga abin da ke cikin ciyawar ba. Kafil ya ce babu kowa a ciki. Ya ce ya sani.

Kafil bai yi faɗa ba, khalas kawai ya ce, wato shi ke nan. Sabon mutum zai zo ƙarshen wata. Tsohuwa ta yi kuka da na gaya mata. Mu kuma in Allah ya yarda a gida za mu ɗauki azumi.

Ƙanenki ya ce in tambaye ki abu ɗaya. In ya iso Ningi, ba da tsaraba ba, shi kaɗai, zai iya wuce zaure ya shigo ya zauna? Ya ce ko ba za ki yi masa magana ba.

Jirginmu ranar ashirin da bakwai ne. Don Allah, Yaya, ki amsa mini da wuri.

Taki,
Haulat