Amsar da Na Ba Masu Binciken Lafiya

Ikeja, 9 ga Maris, 1978

Yaya Dikko,

Bayan gaisuwa, yaya iyali da mutanen Kebbe? Ni lafiya, kada ku damu.

Ranar Talata ma'aikatan gwamnati sun zo masaƙarmu da takardu, suna tambayar lafiyar kowa. Da aka zo kaina na ce "Alhamdu lillahi," yadda aka rene mu, aka rubuta lafiyata ƙalau. Alhali ɗan littafin da nake rubuta al'amurana na kullum ya nuna kwana arba'in da ɗaya ina tari. Cikin waɗanda suka faɗi gaskiya, an fid da huɗu daga ɗakin ƙurar auduga inda nake aiki zuwa wani sashe, an sallami biyu daga aiki. Jibi za su dawo. Ko in gyara amsata? Na kasa yanke shawara.

Ka sa Inna ta yi mini addu'a, amma kada ta ji dalili.

Ƙanenka,
Ɗanmaliki