Ruwan Fim Ɗin Rijiya

Bagdadiyya, Jidda
Maris, 1977

Zuwa ga Yaya Zubaidatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ni dai lafiyata lau, kada ki biye wa masu cewa na ɓace. Da aka gama aikin Hajji na tsaya, na samu dako a tashar jiragen ruwa, buhunan siminti muke saukewa. Garin nan ba ya ganin ruwan sama, Yaya. Ruwan teku ake tacewa a sha, bakina har yau bai saba ba.

Ga babban labari. Akwai sinima a nan, ba irin ta Kano ba. Wani fili ne da katanga, suna ce masa hosh, a jera benci a kafa farin ƙyalle. Kin san abin da suka sa? Fim ɗin rijiya! Wanda nake zuwa ɗakinki in ba ki labarinsa kina tankaɗe, tunda ke matar aure ba ki da ikon leƙa sinima. Bos ya sare dajin ƙauye zai gina kamfani, rijiya ta ƙafe, yarinya mai rawayan mayafi ta rungume bishiyar da ta rage tana waƙa. Da ruwan sama ya sauko a ƙarshen fim ɗin, wallahi sai da na yi hawaye a tsakiyar Larabawa, don na tuna babu wanda zan je in ba labari.

Na yi miki alkawari, wata rana sai kin ga ruwan nan da idonki, ina gefenki. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Gwadabe

*

Fagge, Kano
Yuni, 1977

Gwadabe,

Na amsa gaisuwarka, na gode Allah da kake raye. An tura ka sauke farali, ka ɓige da sauke siminti. Mai hali ba ya fasa halinsa, ko a ƙasa mai tsarki sai da hancinka ya shinshino sinima.

Indiyawan nan naka sun iya daɗin baki. Su da an yi waƙa sai hadari ya haɗu. Ka manta farin da ya koro mu daga Babura? Mutanen gari suka fita roƙon ruwa da riguna a baibai, sama ta yi tas kamar an share. Mu ba wani bos da ya sare mana tsamiyar ƙofar gida. Baba ne ya sare ta da hannunsa ya kai itacen kasuwa. Wannan fa, Indiyawa suna nuna shi?

Duk da haka ina kewar surutunka. In na ɗauki rariya sai in ji ɗakin ya yi shiru da yawa, babu mai kwaikwayon kukan yarinyar nan da muryar gardi. Alkawari kuwa na riƙe, kada ka ce ba ka faɗa ba. Allah ya tsare, ya kai mu lokacin.

Yayarka,
Zubaidatu

*

Jidda
Afrilu, 1988

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma sake yi miki ta'aziyyar Malam, Allah ya jiƙansa. Matata Mastura tana gaishe ki. Ko da yake a nan aka haife ta, ta ce jinin Katsina bai yarda ta gaida uwar miji a tsaye ba, don ke ce uwata yanzu. Yaranmu Othman da Rabi'atu suna ta girma.

Kin tambayi ranar zuwana. Yaya, ba ni da iƙama, takardar zama ke nan. In na fita ba shiga, ga mata ga 'ya'ya. Abin yana cina, ba na son faɗa ne kawai.

Sinimomin hosh duk an rufe su tuntuni, wurin da na yi kuka yanzu garejin mota ne. Amma na sayi bidiyo, kuma wani Ba'indiye mai shago ya nemo mini kaset ɗin fim ɗin rijiya. Ba zan aiko miki ba, cewa na yi ina gefenki. Na naɗe shi da tsohon rawanina na sa a akwatin ƙarfe.

Mun tashi daga Bagdadiyya, haya ta yi tsada. Mun koma gaba da Waziriyya, wani kwari mai yashi, gida da rufin siminti da ake hawa a sha iska. Ki huta lafiya.

Gwadabe

*

Fagge, Kano
Satumba, 1988

Gwadabe,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ka ce kwari? Mai yashi? Kai ɗan manomi ne kuwa? Baba yakan ce ruwa ba ya sayar da hanyarsa, aro yake bayarwa. Bana a Kano mun ga haka, damina ta rushe gidaje ba adadi, har katangar bayanmu ta kwanta. Na san za ka ce a can ba a ruwa. To, na dai faɗa.

Ɗana Bello ya sayo mana talabijin, kuma suna sa Indiya. Na ga rawarsu, na ga kukansu, ba su kai ka iya kukan ba. Amma duk sa'ad da na hango rijiya ko rawayan mayafi, sai in tashi in shige madafa, yara suna ta dariya wai Inna tana tsoron Indiyawa. Ba su san ajiya nake yi ba. Ban yarda in ga ruwan nan ni kaɗai ba, ko da shi ne ko ba shi ba. Ka shafa mini kan yara.

Zubaidatu

*

Jidda
Janairu, 2006

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ga hoton da kika aiko, ashe ba ni kaɗai furfura ta kama ba. Dako ya fi ƙarfina, yanzu gadin sito nake yi.

Gidana ya rabu biyu. Othman ya kafa dish ɗin talabijin a kan rufi, ba ya kallon komai sai finafinan Turawa. Su kuma tasu damuwar daban. Ƙanƙarar ƙarshen duniya ta narke, teku ya taso ya haɗiye birni, wani masani ya yi ta gargaɗi ba a ji, sannan jarumi ya kwashi iyalinsa a mota ya tsere ruwa na bin sa. Na ce masa su Turawa ba sa tuna ƙasa sai ran da ta tashi cin su. Ba'indiye kuwa ƙasa uwarsa ce, in ta yi ciwo sai ya zauna ya yi kuka da ita. Ya ce, "Ya Abuya, khalas, ya isa haka, ruwan sama ba waƙa ba ne. Turawa suna faɗa maka abin da ke zuwa, naka suna rawa." Maganarsa ta yi kama da taki.

Ni dai har gobe in aka yi yayyafi a Jidda, sau ɗaya ko biyu a shekara, sai na kora kowa kan rufi mu jiƙe. Mastura ta ce haukan Indiya ne. Ƙamshin ƙasar nan nake nema, na Babura, ba na samunsa sosai.

Kaset yana nan, injin ma ina goge shi. Allah ya sa muna da rabon ganawa.

Gwadabe

*

Fagge, Kano
Oktoba, 2009

Gwadabe,

Gaisuwa a gurguje, mai kai wasiƙar yana tsaye. Bello ya biya mini kujerar Makka, bana ina tafe in Allah ya yarda. An ce bayan an sauko Arfa za mu yi kwanaki kafin jirgi, zan roƙi jami'inmu a kawo ni gidanka. Ka kaɗe wa kaset ƙura, ka ce wa Mastura ba na cin yaji. Idona ya soma hazo, saboda haka ka ajiye mini wuri kusa da talabijin.

Sai mun zo,
Zubaidatu

*

Jidda
Disamba, 2009

Zuwa ga Gwaggo Zubaidatu a masaukin alhazan Kano, Makka,

Assalamu alaikum ya Ammati. Ni ce Rabi'atu. Ki yi haƙuri da Hausata, Abuya ne ya koya mini rubutun don in riƙa karanta masa wasiƙunki. Ya ce in rubuta, shi ya kasa.

Kin ji labarin ambaliyar Jidda. Mu duka muna da rai, alhamdu lillah. Ranar da kuka fita Mina, da safe ruwa ya fara. Abuya ya yi ta murna, yana cewa, "Yalla, kowa sama! Wannan ruwan tarbar Yaya ne." Ya kora mu kan rufi, har Ummi da ciwon gwiwarta, har 'ya'yan Othman. Ruwa ya yi ƙarfi, Othman ya duba kwarin ya ce wannan ba lafiya ba ne, mu shiga mota mu gudu. Abuya ya zare makullin daga hannunsa ya sa a aljihu, ya ce ba wanda zai gudu daga rahama. Suna cikin faɗa muka ji ƙara. Ya Ammati, ruwa ne ja, da motoci a cikinsa suna juyawa. Motar Othman ta tafi muna kallo. Maƙwabcinmu Ammu Abdulghani ya fita da tasa kafin nan, har yau ana nemansa.

Othman ya yi gaskiya, Abuya bai yi gaskiya ba, amma rufin Abuya ne ya tsirar da mu. Yanzu ba mai yi wa wani gori.

Ƙasan gidan komai ya tafi. Mun tono akwatin ƙarfe a cikin laka, kaset ya cika da taɓo, zaren ya tsinke. Othman ya zaga kasuwar Balad shago shago, ba wanda ya san fim ɗin, don Abuya bai san sunansa na gaskiya ba, fim ɗin rijiya kawai yake cewa. Muna zaune a ɗaki ɗaya wurin dangin Ummi a Waziriyya. Abuya ba ya cin abinci. Ba gidan yake wa kuka ba. Yana cewa da wane ido zai dube ki, ya sa kin yi ta shiga madafa shekara da shekaru a banza. Ya ce in gaya miki kada ki wahalar da kanki ki zo, ba abin da zai nuna miki.

Ni ban yarda da wannan saƙon ba, amma na isar. Wassalam.

'Yarki,
Rabi'atu

*

Makka
Disamba, 2009

Gwadabe,

Na gode wa Allah da ya bar mini ku, Allah ya bayyana maƙwabcinku. Kwarin nan ba zan ce komai a kansa ba, ka san na riga na ce.

Ruwan da ya dake ka a kan rufi, shi ya dake ni a hanyar Mina, na jiƙe sharkaf ina kiran sunanka. Ka ga ruwa kam mun gan shi tare, saura waƙar.

Gobe bayan azahar za a kawo ni Waziriyya. Idon nan nawa ko an kunna talabijin inuwa kawai zan gani, dama kunne na kawo. Ka ci abinci, don muryar yarinyar nan ba ta fita da yunwa. Ka ce Mastura ta aro mini rariya, ka fara daga inda bos ya shigo daji.

Yayarka,
Zubaidatu