Ƙusa a Kofaton Dokin Ɗan Sanda

New York, Disamba 1994

Yaya Fu'ad,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar Hajiya? Huda da yara fa? Ni lafiya lau, ina sayar da agogo a bakin titin Canal, sanyi ne kawai.

Jiya wani ɗan sanda ya wuce bisa doki, dokin yana ɗingishi. Ban san lokacin da na bar tebur na durƙusa na ɗaga ƙafarsa ba. Ƙusa ce a kofato. Mutumin ya daka min tsawa, ya kai hannu kan bindiga, ga bizata ta ƙare tun bara. Da ƙyar ya ƙyale ni. Na dawo na tarar an kwashe agogunan.

Yaya, ni da na horar da mahayan ƙungiyar ƙasa! Kwamitin ƙungiyar ya ce albashina almubazzaranci ne, wai kowa ya iya hawan doki, na yi zuciya na taho. Don Allah ka je ka same su. Kada ka tsaya gardamar cancanta. Su rage albashin yadda suka ga dama, in dai za su mayar da ni barga.

Kada Hajiya ta ji. Hannuna har yanzu warin doki yake, na kasa wanke shi.

Ƙaninka,
Idrissa