Gaisuwar da Ban Ƙarasa Ba

Assalamu alaikum Yaya Lawal,

Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna? Shekara biyu ke nan rabona da Kurfi.

Turancin da na koya a Legas duk na sauri ne. "Kwik-kwik" ɗaga ƙafa, "hari-of" ƙara sauri, "ron" kuwa gudu. Jiya ina sauke buhuna na ji wani direba yana Hausa irin tamu, ashe ɗan Wurma ne, can kusa da garinmu. Na ajiye kaya muna gaisawa, ko damina ban tambaya ba oga ya daka mini tsawa, "Hari-of!" Ban ga laifinsa ba, motoci na jira. Kafin in dawo mutumin ya tafi.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a. To Yaya, ya damina? Ka ba ni labari a tsanake.

Ƙaninka,
Isiya