Saki Biyu a Filin Wasa

Bebeji,
5 ga Nuwamba, 1956.

Zuwa ga maiɗakina Saude,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Iya da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Iya? Ni kalau nake, sai gajiya.

Mun iso ranar Alhamis a motar gyaɗa, awa huɗu da kwata, don taya ta fashe a hanya. Kin ce ban yi miki bayanin aikin nan sosai ba, to ga shi. Ofishin yaƙi da jahilci ne ya turo mu, mu biyar, mu yi wasan kwaikwayo a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ko manya sa yarda su shiga ajin karatu. Ni na rubuta wasan, ni kuma aka ɗora wa bin 'yan kallo ina rubuta ra'ayinsu a littafi. Shugabanmu Malam Baffa ya ce da rahoton tafiyar nan za a duba ko a tabbatar da ni a aiki, tunda watana huɗu kacal da fitowa daga kwaleji.

Labarin wani magidanci ne da bai iya karatu ba. Surukansa suka aiko masa da wasiƙa cewa uwar matarsa ba lafiya. Ya kai wa wani maƙiyinsa ya karanta masa, shi kuwa ya karanta masa zagi. Ya komo gida a fusace ya saki matarsa, sai bayan ya shiga aji ya karanta wasiƙar da kansa ya yi nadama. Rufa'i masinjanmu ne matar, yana ɗaura zane da kallabi. Kyauta ne maƙiyin. Ubale ne ya kamata ya zama mijin, amma zazzaɓi ya kwantar da shi ranar da muka iso, dole na shiga madadinsa ba tare da ko gwaji ɗaya ba.

Mun yi wasan bayan la'asar a gindin durumin bakin kasuwa. Na ƙirga mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya, ban da waɗanda ke kan katanga. Da aka tashi na bi su da littafina. Wani mahauci ya ce wasan ya yi kyau amma ba a doki kowa ba. Wata mai fura ta ce matar tana tafiya kamar ɗan dako. Mutum tara sun ce wurin sakin ne ya fi daɗi. Da na tambayi wani dattijo darasin da ya ɗauka, ya ce kada ka yarda da surukai. Mutum uku kaɗai suka ambaci karatu, ɗayansu kuwa ya ɗauka mu masu sayar da magani ne.

Akwai abin da zan gaya miki, ki yi dariya in kin so. Kin san ban taɓa kiran sunanki a gaban mutane ba. Da nake rubuta wasan, sai na sa wa matar sunanki, don in riƙa jin sa a bakin wani a ƙasar da ba kya nan. Ban san a bakina zai faɗo ba.

Ki gaishe da Iya, ki gaishe da Malam in kin je gidanku. Wassalam.

Ni ne naki,
Alkasim.

Kiru,
12 ga Nuwamba, 1956.

Zuwa ga Saude,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wannan takarda ki karanta ta ke kaɗai, kada ki karanta wa Iya kamar yadda kika saba.

Mun yi wasan nan shekaranjiya Asabar, mutum ɗari uku da arba'in. Ubale bai warke ba, na sake fitowa. An yi dariya fiye da Bebeji, mutum goma sha huɗu suka ba da sunansu don shiga aji, har Malam Baffa ya dafa kafaɗata. Ina cikin bin mutane da littafi na isa wurin wani tsohon malamin zaure, Malam Balarabe, yana zaune a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi ra'ayinsa. Ya ce shi ma tambaya gare shi: an ce masa sunan matar cikin wasa sunan iyalina ne, haka ne? Ashe Rufa'i ne ya yi ta bazawa a masauki don a yi mini tsiya. Na ce haka ne, Allah gafarta Malam. Ya ce, "To, ɗan boko, sau nawa ka faɗa?"

Saude, sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Na kira sunanki, na bi shi da kalmar da ba zan rubuta a nan ba, a gaban shaidu ɗari uku da arba'in. Malam Balarabe ya ce a kwalejin ba a koya mana cewa saki ba ya cikin abin wasa ba? Wanda ya yi shi da gaske da wanda ya yi shi da raha duk ɗaya ne. Ya ce igiyar aure uku ce, na tsinka ɗaya a Bebeji, ɗaya a Kiru, in na kuskura na kai Tudun Wada da wannan baki, shi ke nan.

Na bincika komai don kada in gaya miki abin da ba daidai ba. A gwajin da muka yi a Kano, Ubale ne ke faɗa, ni ban taɓa maimaita masa ba. Na duba rubutun wasan, shafi na tara, abin da na rubuta shi ne "nan ya rabu da ita", ban rubuta lafazin ba. Saboda haka biyu ne, ba su kai uku ba.

Jiya na zagaya malamai uku. Na farko ya goyi bayan Malam Balarabe. Na biyu ya ce sam, mai kwaikwayon maganar wani ba a kama shi da ita, in ba haka ba da duk mai ba da labarin kafiri ya kafirta. Na uku ya ce sai dai alƙali, sannan ya tambaye ni ko za mu sake yi, don shi bai samu gani ba.

Don fita daga shakka, na tsaya a gaban mutum biyu na ce na mai da ke, sun sa hannu a takarda. Ina roƙonki ki kai wa Malam wannan wasiƙa da kanki. Mahaifinki ne, malami ne kuma, gara ya ji daga gare mu da ya ji a bakin fatake. Wallahi ban yi nufin komai ba face abin da na gaya miki a takardar farko.

Na ce wa Malam Baffa a cire wurin sakin. Ya ce wurin da mutane suka fi so shi za a cire? Ya ce in canja sunan kawai in daina tada hankalin mutane.

Ki yafe mini.

Alkasim.

Tudun Wada,
21 ga Nuwamba, 1956.

Zuwa ga Saude,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta Malam da mutanen gidansa. Takardarki ta same ni jiya ta hannun direba. Na gane Malam ya ɗauke ki zuwa gida har sai na dawo. Ban ga laifinsa ba. Abin da ya dame ni shi ne Iya ita kaɗai da wannan ƙafa, da kuma layinki na ƙarshe da tawada ta jiƙe ban iya karantawa ba.

Labari ya riga mu isowa. Tun a tasha yara da manya ke nuna ni, ga malamin da igiyarsa ɗaya ta rage. Ubale ya warke sarai, na ce ya karɓi aikinsa, ya ce shi matansa biyu, ba shi da igiyar zubarwa a kasuwa. Kyauta ya ce ko da kuɗi ba zai yi ba. Na ce to mu yi musanya da Rufa'i, tunda shi tuzuru ne, ko sau ɗari ya faɗa ba wadda zai faɗa wa. Malam Baffa ya ce malami mai takardar kwaleji ba zai ɗaura zane a gaban hakimi ba, in na yi, da hannunsa zai rubuta cewa na zubar da mutuncin ofis.

Na canja sunan zuwa Asibi. Na tambaya, duk cikinmu ba mai mata ko 'yar'uwa mai wannan suna.

Ranar wasa na ƙirga mutane har ɗari bakwai na bari, ba sa ƙirguwa. Har Fulani daga wajen Falgore sun zo da sandunansu. Ba wanda ya saurari farkon wasan, sai hira suke ana cin rake. Da muka zo shafi na tara wuri ya yi tsit. Na buɗe baki zan ce Asibi, sai wani daga baya ya ɗaga murya, "Ba sunanta ke nan ba! Saude ce!" Nan fili ya ɗauka, Saude, Saude, har da tafi. Sunanki da nake jin nauyin faɗa, ga shi a bakin 'yan kasuwa. Na ga in na furta kalmar a wannan hali, ko wane suna harshena ya kira, ke ce a zuciyata. Ban furta ba. Kyauta ya ce minti biyu na yi a tsaye, ni na ɗauka ya fi.

Rufa'i ne ya cece ni. Ya naɗe tabarma, ya ɗora ƙwarya a ka, ya ce shi ba zai zauna da mijin da ko saki bai iya ba, ya yi yaji.

Ra'ayoyin da na rubuta ga su. Wani ya ce ya taso tun daga Yaryasa da ƙafa an cuce shi. Wani mai dogon gemu ya ce na yi daidai, amma da ban fara ba ya fi. Wata tsohuwa ta ce in gaishe ki, ta ce kin yi dace da miji matsoraci, su ne ke daɗewa. Wani saurayi ya ce ya ci caca a kaina. Wanda ya ba da suna don shiga aji, mutum ɗaya.

Malam Baffa bai yi mini magana ba sai da safe. Ya ce a Doguwa ko in faɗa ko in nemi wani aikin. Na gaji, Saude. Na gaji da kallon da ake mini, na gaji da littafin nan.

Ki gaya mini abin da Malam ya yanke, ko mene ne.

Ni ne naki,
Alkasim.

Doguwa,
3 ga Disamba, 1956.

Zuwa ga maiɗakina Saude,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina fata kina lafiya. Na gode da kike aika wa Iya abinci kullum, ban tambaye ki ba kika yi.

Takardar Malam ta riske ni kafin mu ƙetare dajin Falgore. Na karanta ta sau shida. Ya ce zuciyarsa ta fi karkata ga cewa ba abin da ya auku, amma 'yarsa ba za ta zauna a kan "wataƙila" ba. Za a ɗauka biyu sun tafi, komen da na yi a Kiru ya karɓa, in zo in ɗauke ki da kaina. Na yarda, ban da ja. Shekarunmu na gaba duka a kan igiya ɗaya za mu yi su, kuma ni na jawo.

Ga abin da ya faru a nan. Ranar wasa ban ce wa Malam Baffa komai ba. Yana can zaune kusa da dagaci, muka shiga bayan zana ni da Rufa'i, na ba shi rigata da hulata, na karɓi zanensa da kallabi. Ban iya ɗaurawa ba, sai da Ubale ya taimake ni yana dariya har da hawaye. Zanen bai kai idon sawuna ba.

Da na fito, dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Na ji wani yana cewa amarya da gashin baki. Na hangi fuskar Malam Baffa sau ɗaya, ban sake duban wajen ba. Muka yi ta yi har shafi na tara. Rufa'i ya shigo da wasiƙa a hannu yana huci, ya nuna ni da yatsa, ya faɗa, sau ɗaya, da ƙarfi.

Ni dai aikina in ɗauki ƙwarya in fita. Amma da na tsuguna ina naɗe tabarma, sai na tuna ke ma haka kika naɗe kayanki a ɗakinmu, Iya na kallo, ba ki yi laifin komai ba, ba ki ma ga abin da aka yi a Bebeji ba. Sau biyu na tsaya a wancan gefen ina faɗa, ban taɓa tunanin yadda take a kunnen wanda ke tsugune ba. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Dariya ta ɗauke. Na fita da ƙwarya a ka ba na ganin hanya sosai.

Malam Baffa ya cika alkawarinsa, ya nuna mini abin da ya rubuta a kaina, layi biyar ne. A ƙarƙashinsu dole ya rubuta cewa mutum talatin da takwas sun shiga aji a Doguwa, goma sha ɗaya daga ciki sun ce matansu ma a koya musu. Ban san wanne daga cikin biyun ofis zai duba ba. In an sallame ni, na iya koyarwa, ba za mu kwana da yunwa ba.

Mota za ta tashi ranar Laraba, in Allah ya so ranar Alhamis kafin azahar ina zauren Malam.

Ra'ayi na ƙarshe da na rubuta na wata dattijuwa ce mai sayar da daddawa. Ta jira har na sa rigata, ta zo ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce ita sau biyu aka sake ta a duniya, kuma duk abin da muka yi yau ƙarya ce irin ta 'yan wasa, tafiyar ƙarya, muryar ƙarya, ɗaurin zanen ma abin kunya. Ta ce kukan ne kawai na gaske, wa ya koya mini? Na ce ba kowa. Ta ce to in je gida.

Ki gaishe da Malam da Innarki. Wassalam.

Ni ne naki,
Alkasim.