Allon Malam Surajo

Kiru, Rajab 1375

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Daga Malam Lawal zuwa ga ɗalibina Habu, babban malamin elementare ta Tudun Wada. Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali.

Bayan haka, wani malaminku, Surajo, ya aiko magabatansa neman auren jikata Safara'u, marainiyar da na rena. Ban amsa ba, ban hana ba. Ita kuwa, tun ranar miyarta ke shan gishiri sau biyu. Asalinsa na sani, ibadarsa an shaide ta. Abin da ya rage shi ne yadda yake karantarwa, domin riƙon da yake wa 'ya'yan mutane shi zai yi wa tawa. Ka gaya mini tsakaninka da Allah. Wassalam.

Tudun Wada

Allah gafarta Malam, ina gaisuwa cikin ladabi.

Surajo yaron kirki ne. Ba a taɓa kaɗa ƙararrawa bai iso ba. Rigarsa tas, rubutunsa kamar na ɗab'i, darasinsa tun daga gida yake shirya shi, bulala kuwa sai ta zama dole. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Ɗanka, Habu.

Kiru, Sha'aban

Zuwa ga Habu, bayan gaisuwa da addu'a.

Rigarsa ka siffanta mini, ba shi ba. Tun kana ƙarami, idan ka tsallake aya, da saurin karatunka nake ganewa, kuma wasiƙarka ta yi sauri. Me ka tsallake? Na yi wa mutanensa alkawarin amsa kafin azumi. Idan iyakar abin ke nan, haƙuri zan ba su, ko da yarinyar nan za ta yi kuka. Allah ya yi maka albarka.

Tudun Wada

Allah gafarta Malam, ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Na ɓoye ne don ina ƙaunar yaron.

Ajinsa ne na baya a manhaja, saboda ba ya goge allo sai ɗan ƙarshe ya gama kwafa. Akwai Adamu, ɗan makiyaya, wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Surajo kan tsuguna kusa da shi yana ƙirga masa da Fillancin da ya tsinta a rugarsu, har 'yan aji suna yi wa malaminsu dariya, shi ma yana taya su. Na yi masa faɗa, ya ce in ya goge, har da yaron zai goge.

Da mai duba makarantu ya zo, ya gaji da jira, ya ɗauki tsumma zai goge da kansa. Surajo ya tsaya a gaban allon ya rusuna, ya ce, “Ranka ya daɗe, akwai wanda bai gama ba.”

Ƙarin girman da muke sa masa rai ya wuce shi. Bayan salla za a mai da shi wata ƙaramar makaranta can cikin duwatsun Doguwa, inda mota ba ta zuwa da damina. Gaskiyar ke nan. Abin da Malam ya yanke, mun bi.

Ɗanka, Habu.

Kiru, jajibirin azumi

Habu, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ka manta wanda allonsa ya yi damina guda a kan sura ɗaya ba a wanke ba? Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, ya zo har zaure ya ce in wanke in yi maka gaba, na ƙi. Yau kai ne babban malami.

Ka ce wa magabatan Surajo su kawo goro. Safara'u ta fara tambaya ko ana samun kuka a Doguwa ko ta daka ta tafi da ita. Miyar jiya kuwa gishirinta daidai.

Wassalam.